Kusurwar Bahago

Litinin, 6 ga wata, da hantsi

Yau suka rufe mini daɓe.

Ina rubuta wannan ne domin a samu shaida, ko da ta takarda ce, cewa kafin zuwansu daɓen zauren wasannin nan ba shi da tabo ko ɗaya. Katako ne, jere bisa jere, kuma ni nake kula da shi tun gashina bai fara fari ba. Yanzu an ce ƙasarmu ce ke karɓar baƙuncin gasar ƙwallon hannu ta maza ta nahiya, kuma wai dokar gasar ba ta yarda a taka katakona ba sai an shimfiɗa roba a kansa. Suka sauke ta daga mota a nannaɗe, shuɗiya, tana warin sabon bokiti. Wani mutum ya biyo ta daga kamfanin da ya yi ta, ma'aikata suna ce masa Mai Shimfiɗa. Gajeren wando ne a jikinsa, a wurin aiki, a gaban Manaja.

Ya tara mu ya yi mana lacca: ni, da masu shara, da Mai Tsumma, wanda aikinsa shi ne ya ruga cikin fili ya goge gumi idan ɗan wasa ya faɗi. Ya ce robar nan ruwa kawai take so, sai kuma wani ruwan sabulu da ya kawo a jarka. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Ban da mai, ban da kaki, ban da komai." Na tambaye shi cikin ladabi ko akwai ƙasidar da aka rubuta wannan a ciki. Ya yi dariya, ya buga goshinsa, ya ce, "Ga ƙasidar nan, Baba."

Ni ba babansa ba ne. Kuma ilimin da ba a buga shi a takarda ba, hira ce kawai. Tawa ƙasidar ta kula da daɓen katako tana aljihuna tun ranar da aka ba ni makullin zauren nan, na haddace ta har da kurakuran mabugi.

Mai Tsumma ya raɗa mini, "Malam Ƙa'ida, an sa wa daɓenka riga kada ya ji sanyi." Haka suke kirana a nan, Malam Ƙa'ida, suna zaton zolaya ce. Ni a wurina yabo ne daga bakin da bai san yana yabo ba.

 Na fita har titi, na dawo na sake duba kwaɗon sito.

Talata, 7 ga wata, da yamma

Na zauna na kalli atisayen 'yan wasanmu, domin in san irin ɓarnar da ke jirana. Manyan maza ne masu gemu suna rige-rigen jefa ƙwallo da hannu cikin raga, suna ture juna kamar masu neman wuri a motar haya. Jariri ma da hannu yake fara jifa. Ban ga abin da ya kai a tara ƙasashe a kansa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne danƙo. Suna shafa shi a yatsu domin ƙwallo ta kama hannu, kowannensu kuma yana liƙa guntu a dunduniyar takalminsa, ya riƙa ɗebowa ana cikin wasa. Duk inda ƙwallo ta dira sai ta bar baƙin tabo.

Cikin masu wannan ƙazanta har da surukina, mijin 'yata. Bahago suke kiransa, domin da hagu yake jifa, shi ya sa aka ajiye shi can kusurwar dama, inda yake tsayawa yana jira a miƙo masa ƙwallo, ya ruga, ya yi tsalle, ya jefa. Lokacin da ya zo neman aurenta na tambaye shi sana'arsa, ya ce wannan ce. Na sake tambaya, ina zaton bai ji ni ba.

Da suka tashi ya zo gaishe ni, ya miƙo wuyan hannu saboda danƙo. Ya ce, "Baba, ina wuni? Ka ga filin namu kuwa?" Na ce na ga robarku. Ya yi dariya. Komai aka faɗa masa dariya yake yi. Ban sani ba ko haƙuri ne ko rashin fahimta.

'Yata ma ta zo, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata gare ta. Ta kawo mini ƙullin busasshen ɓawon lemo, kamar yadda ta saba. Man da nake shafa wa katako ni nake haɗa shi bisa umarnin ƙasida: kakin zuma, da kananzir kaɗan, da ɓawon lemo. Ni cikina ba ya son tsami, don haka tun tana yarinya ita ke shan lemon ta ba ni ɓawon, kuma aure bai sa ta daina ba.

Ta ce, "Baba, masu neman 'yan wasa daga ƙungiyoyin waje za su zo kallo fa. In ya yi abin kirki a gasar nan, shi ke nan."

Na ce, "Shi ke nan me?"

Ta ce, "Kai dai Baba!" Ta kama hannun rigata ta shinshina, ta ce ko a kasuwa aka ɓatar da ni da hanci za ta nemo ni.

Alhamis, 9 ga wata, bayan magariba

An buɗe gasa. Mun ci wasan farko, mutane suna ihu kamar an raba musu gado. Bahago ya jefa da yawa. Ban ƙirga ba, maiɗakina ta ƙirga a talabijin kuma ta ƙi barin in ci abinci cikin natsuwa sai da ta faɗa mini.

Mai Tsumma ya samu sabuwar sana'a. In ya gama goge gumi sai ya karkaɗa kafaɗa ya yi wa 'yan kallo 'yar rawa kafin ya fita, su kuma su yi ta tafi. Mutum mai jikoki.

Da zauren ya watse na zagaya. Tabo ko'ina, amma mafi muni yana kusurwar dama ta ragar da ke kusa da sito, daidai inda Bahago yake tsayawa yana tsakurar danƙo daga dunduniyarsa. Baƙi ƙirin, faɗin babban faranti. Na sa ruwan jarka na dirje, bai motsa ba. Na nuna wa Mai Shimfiɗa, ya kalla da gefen ido ya ce, "Bar shi, Baba, ai haka ake gama gasa da shi." Wato a nuna wa nahiya gaba ɗaya, a talabijin, cewa mai kula da zauren nan ƙazami ne.

Juma'a, 10 ga wata, da rana

Tabon yana nan. Ko na juya masa baya ina jin sa.

Asabar, 11 ga wata, da sassafe

Alhamdu lillahi, na gama da shi.

Ƙasida ta faɗa a sarari, a babin tabo mai taurin kai, cewa danƙo da ƙaro da makamantansu mai ne ke narkar da su. Na zo kafin masu shara, na ɗauko gwangwanin man katakona, na shafa a kusurwar, na bar shi ya jiƙa, na goge. Danƙon ya taso kamar dama jira yake. Na ƙara shafawa, na murza da busasshen ƙyalle har wurin ya ɗauki ƙyalli, ina ganin fitilun rufi a cikinsa. A duk faɗin robar nan babu inda ya yi kama da aikin mutum mai hankali sai nan.

Ban gaya wa kowa ba. Ba tafi nake nema ba, ni ba Mai Tsumma ba ne. Yau da yamma namu za su yi wasa na biyu, kuma su ne farkon shiga.

Asabar, bayan magariba

'Yan kallo sun bar robobin ruwa a ƙarƙashin kowace kujera. Fitila ɗaya ta mutu a saman teburin masu agogo. Na sanar da Manaja a rubuce.

A rabin farko baƙi ne ke jefa wa ragar sito. Ɗan wasansu na gefen dama ya ɗan zame a kusurwar, ya tsaya ya duba ƙasan takalminsa, ya tofa yawu a hannu ya goge. Wannan ita ce tarbiyyar da suka zo da ita daga ƙasarsu.

A rabi na biyu aka juya. Wani ya faɗi kusa da wurin, Mai Tsumma ya shiga ya goge, ya yi rawarsa, ya fita. Ba a daɗe ba golanmu ya tare ƙwallo ya cilla ta gaba. Bahago ya taho a guje ta gefensa, ya cafke, ya dasa ƙafar dama zai tashi. Ƙafar ta tafi, shi bai tafi ba.

An ji ƙarar har teburin masu agogo. Bayan ita na ji muryar Uwata daga sama, cikin dubban muryoyi. Aka fita da shi a kan gadon ɗaukar majinyata, ya rufe fuska da hannu, danƙo ya liƙe masa a gira.

Mun ci wasan.

Takalman zamani ba su da inganci. Na daɗe ina faɗa.

Lahadi, 12 ga wata, da sassafe

Na dafa ruwa na wanke kusurwar da sabulun jarka, na ɗauraye, na sake wankewa, har yatsa yana ƙara in an ja shi a kai. Ba don komai ba. Tsafta ce.

Mai Tsumma ya iso ina kwashe bokiti. Ya ce, "Malam Ƙa'ida, yau kai ne da ruwa? Ashe duniya ta zo ƙarshe." Sai ya ɗaga tsummansa na jiya ya ce, "Ka ji wani abin mamaki, tsumman nan ƙamshi yake." Na ce ya tsufa ne, bai dace da gasar nahiya ba. Na karɓa na ba shi sabo daga sito. Ya yi godiya har da addu'a.

Tsohon tsumman na sa shi a wutar shara. Ƙasida ta hana ajiye tsumma mai maiƙo, yana iya kamawa da kansa.

Lahadi, da yamma

Mun je asibiti ni da maiɗakina. Daɓensu abin kunya ne, a bakin ƙofa har ƙafa tana mannewa.

Likita, wani yaro da bai fi sa'ar Uwata ba, ya ce jijiyar gwiwa ce ta tsinke, sai an yi aiki, kuma ko an yi, shekara ce kafin a san ko zai sake tsalle. Na kai musu ƙasidata ta taimakon gaggawa, inda aka yi bayanin targaɗe da ƙanƙara. Likitan ya karɓa ya ajiye a kan taga, ko buɗewa bai yi ba.

Bahago yana kwance, ƙafar a ɗaure kamar gungume. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin tashi zaune. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, na ɓata maka fili jiya. Na ga har jini ya ɗiga daga gwiwar hannuna."

Na ce an riga an wanke.

Uwata tana zaune a bakin gado tana ɓanɓare masa danƙo daga yatsu, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi kuka a gabanmu ba. A hanya maiɗakina ta ce, "Malam, ka ce wa yaron nan sannu kuwa?" Na ce zuwana shi ne sannu.

Ban ci abinci ba. 

Litinin, 13 ga wata, da hantsi

Na sake karanta ƙasida daga bango zuwa bango. Babu inda ta ambaci roba, da alheri ko da sharri. Abin da ba a hana a rubuce ba, ba a hana shi ba.

Mai Shimfiɗa ya durƙusa a kusurwar da gajeren wandonsa, ya murza da tafin hannu, ya ce lafiya ƙalau take. Ai kuwa.

Laraba, 15 ga wata, da rana

Sun kafa kwamiti, domin duk inda aka rasa abin yi kwamiti ake kafawa. Manaja, da Koci, da Mai Shimfiɗa, a ofishin sama. Suka kunna bidiyon wasan suna mayar da shi baya. Ga wani ya faɗi, ga Mai Tsumma ya shiga, ya ja tsumma, idonsa yana kan 'yan kallo, ga kafaɗa tana karkaɗawa. Ga Bahago. A nan na duba agogon bango, yana latti, zan sa a gyara.

Koci ya buga tebur ya ce, "Gumi ya bari! Mutum yana rawa, ɗan wasana ya rasa ƙafa!"

Manaja ya juyo ya ce, "Malam Ƙa'ida, kai ne mai kula da zaure, kuma surukinka ne abin ya shafa. A ganinka ya goge wurin yadda ya kamata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙa'idar goge gumi ita ce a goge, a juya tsumma, a sake gogewa, sannan a duba. Ban ga ya duba ba."

Wannan gaskiya ce. Bidiyo ma ta nuna.

Mai Shimfiɗa ya ce, "Baba, ban da ruwa da sabuluna babu abin da ya taɓa robar nan, ko?" Na ce jarkar da ya kawo tana sito, yana iya zuwa ya ga yawan abin da aka yi amfani da shi. Ya gyaɗa kai ya ce madalla. Mutumin da ƙasidarsa ke cikin goshinsa ke nan.

Da na sauko na duba kwaɗon sito. Na mayar da gwangwanina can baya, bayan fentin layi, saboda zafi.

Alhamis, 16 ga wata, da yamma

An sallami Mai Tsumma.

Ya zo sito mayar da kayan aiki. Ya ce jiya wasu samari sun bi shi a titi suna ce masa mai rawar karya ƙafa, har jikarsa ta ƙi zuwa makaranta. Yana faɗa yana murmushi, domin irinsu ba su san inda murmushi ya dace ba.

Ya ajiye sabon tsumman a kan teburina, ya ninke shi da kyau. Ya ce, "Malam Ƙa'ida, rawa dai na yi, ban musa ba. Amma tun da nake goge gumin maza, ban taɓa jin gumin da ke ƙamshin lemo ba."

Na ce ban fahimci maganarsa ba.

Ya ce, "Ni ma na ce in faɗa musu a sama, sai na tuna tsumman yana wajenka. Kuma wa zai saurari mai rawa?" Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ka gai da Bahago. A'a, bari ma, kada ka ɓata masa rai."

Mutumin da bai iya karanta sunansa ba, shi ne zai yi mini magana a karkace.

Juma'a, 17 ga wata, bayan magariba

An cire mu a wasan kusa da na ƙarshe. Wanda aka sa a madadin Bahago da hannun dama yake wasa, yana jifa daga kusurwar kamar mai koran kaji. Masu neman 'yan wasa, da jakunkunansu da tabarau, sun koma zama a ɓangaren baƙi.

An sallamo Bahago gida kafin ranar da za a yi masa aiki. Maiɗakina ta je, ta dawo ta ce wai ya ce ya yafe wa Mai Tsumma, tsufa ne, kada kowa ya taɓa shi. Ta ce, "Yaron nan zuciyarsa fara ce, Malam." Na ce a rage gishiri a abinci.

Asabar, 18 ga wata

Wasu sun ɗauki kofi. Sun watsa mini takardu masu ƙyalli har cikin magudanar ruwa.

Lahadi, 19 ga wata, da la'asar

Uwata ta same ni a sito. Ba ta zauna ba. Ta buɗe jaka ta ciro wata leda a ɗaure, irin wadda asibiti ke zuba kayan majinyaci, ta kwance, ta ajiye takalmi ɗaya a kan teburina. Na ƙafar dama. Ta ce sai yau ta samu sukunin buɗe kayansa za ta wanke.

Ta ce, "Baba, shinshina."

Na ce ba na shinshina takalman maza.

Ta ce, "To ni na shinshina." Ta kifa shi, ta ja yatsa a ƙasansa, ta nuna mini yatsan yana ƙyalli. "Ni nake ɓare maka lemon nan, Baba."

Na ce ba a gidanmu kaɗai ake shan lemo ba.

"Da kaki? Da kananzir?"

Na fara yi mata bayanin babin tabo mai taurin kai. Ta ɗaga hannu, abin da ba ta taɓa yi mini ba.

Ta ce, "Baba, na san ba da gangan ba ne. Na san tabo ka gani, ba ka iya barci ba. Na san ka. Amma mijina yana kwance yana yafe wa wanda bai yi masa komai ba, wancan bawan Allah kuma ana jifansa a titi. Ba daga bakina zai ji ba. Ka kawo masa takalminsa yadda yake ɗin nan, ka sa masa a hannu, ka faɗa masa da kanka. Daga nan ka hau wurin Manaja. Ba zai zage ka ba, Baba, ka san shi, ƙila ma dariya zai yi don kada ka ji kunya."

Na ce in na hau wurin Manaja, makulli zan ajiye.

Ta ce, "Na sani, Baba."

Ta sa Baba a kusan kowace jimla, kamar mai tsoron kada kalmar ta suɓuce mata. Ta ce za ta jira ni cikin makon nan. Ta fita ta bar ledar a ƙasa. Ni na ɗauke.

'Ya'yan yanzu suna ganin magana ba ta da nauyi. A ajiye makulli, a ba wa? Masu shara, da bokiti da ruwa. Damina ɗaya katakon zai kumbura ya tashi.

Litinin, 20 ga wata, da hantsi

Takalmin yana kan tebur. Sito duk ya ɗauki ƙamshin lemo, ko kuma hancina ne.

Talata, 21 ga wata, da rana

Sun naɗe robarsu sun loda a mota. Mai Shimfiɗa ya ba ni hannu ya ce bai taɓa aiki da mai kula da zaure mai tsafta kamata ba. Ra'ayin mai gajeren wando bai dame ni ba.

Katakona yana nan yadda na bar shi, sai ɗan dusashewa. Na tsaya a kusurwar dama. Babu komai a wurin. Babu abin da ya taɓa faruwa a kan katakona.

Laraba, 22 ga wata, da yamma

Na shirya abin da zan faɗa wa Bahago. Na tsara shi kashi uku: gabatarwa, da bayanin abin da ƙasida ta ce da abin da ba ta ce ba, da kammalawa. Na maimaita shi a sito da murya, kuma ya yi ma'ana, ban da kammalawar.

Na ɗauki takalmin zan sa a leda, sai na lura da halin da yake ciki. Igiyarsa ta yi baƙi, ga guntun danƙo a dunduniya ya kwashi gashi da ƙura. Ba a kai wa majinyaci kaya da datti, ƙasidar taimakon gaggawa ma ta faɗa. Na ce bari in wanke igiyar kawai. Da igiyar ta yi fari sai saman ya fito da muninsa, na bi shi da buroshi. Na kankare danƙon. Akwai ragowar ruwan zafi a bokiti, akwai ragowar sabulun jarka.

Ban san lokacin da na kifa shi ba. Hannuna ya san aikinsa, shekara da shekaru ba ya barin abu rabi.

Yana bushewa a taga. Ko a kanti ba za a samu kamarsa ba.

Alhamis, 23 ga wata, bayan magariba

Na je.

Bahago yana kan doguwar kujera, ƙafar a kan matashi, sandunan dogarawa a jingine da bango. Uwata ta yi mini sannu da zuwa da sauri, ta kawo ruwa, ta rage ƙarar talabijin, ta tsaya a bayan kujerarsa ta dafa kafaɗarsa. Tana kallona kamar ranar da na kai ta makaranta da fari.

Na ciro takalmin na sa masa a hannu, kamar yadda ta ce.

Ya juya shi ya ce, "Kai, Baba! Wannan nawa ne kuwa? Ka mayar da shi sabo! Saura ƙafar sawa kawai." Ya yi dariya. Ya ce, "Kin ga Baba, ko? Har takalmina bai tsira ba."

Gabatarwar tana bakina. Na buɗe baki, na ce buroshi mai laushi ake sa wa irin wannan fata, ba mai tauri ba.

Uwata ta zagayo ta karɓi takalmin daga hannunsa. Ta kifa shi. Ta ja yatsa a ƙasansa, ya yi ƙara. Ta kai shi hanci, ta daɗe. Sannan ta ajiye shi a ƙasa kusa da sandunan, a hankali, ta daidaita shi da bango.

Ta ce, "Mun gode, Malam Ƙa'ida."

Bahago ya fashe da dariya ya ce, "Ke, Baban naki?" Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗauke kofin ruwan da ban sha ba ta shiga ciki. Na jira. Bahago ya yi ta ba ni labarin aikin da za a yi masa, da yadda zai dawo fili in Allah ya so. Da na tashi tafiya shi ya ce in gai da gida. Babu wanda ya raka ni bakin ƙofa.

Matakalar gidansu tana buƙatar shara.

Asabar, 25 ga wata, da hantsi

Manaja ya ce a shirya zaure, ranar Litinin 'yan makaranta za su dawo. Ya ce kwamiti ya yaba da haɗin kan da na bayar. Makulli yana aljihuna.

Na shafe daɓen tun daga ƙofa har ragar sito, na murza. Bai taɓa yin kyau irin na yau ba, fitilun rufi duk suna cikinsa. Babu kowa a zauren, wanda hakan ya fi, domin mutane ba su iya tafiya a kan abu mai kyau ba.

Gwangwani ya kusa ƙarewa, ƙullin ɓawon ma saura kaɗan. Maiɗakina ta ce ta aika a tambayo Uwata ko ta tara wani, aka ce ta ce babu. Ba komai. Na sayi lemo a bakin titi, na ɓare da kaina, na shanya ɓawon a taga. Ba wani aiki ba ne da sai an yi wa mutum.

Lemon yana kan tebur a ɓare, har ya fara bushewa. Ban san wanda zan ba ba.